Geron da ke cikin filina

Shekarar da aka yanka gonakin bayan gari domin sabuwar unguwa da tashar mota, ni ma na sami fili. Ba don kaina na nema ba. Ɗakin Inna a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ya tsufa, duk damina sai mun jera kwanuka muna tarar yoyo, ga tari ya sa ta gaba. Na yi mata alkawarin ɗakin siminti mai taga biyu.

Masu gonakin ba su yarda ba, amma ba su zagi kowa ba. Ruwan fari na sauka suka fito da sungumi suka yi shuka, har gindin turakun da ma'aikata suka kafa. Wanda filina ya faɗa cikin gonarsa wani dattijo ne siriri, mai taurin kai irin nawa. Na same shi yana noma, raina a ɓace.

"Baba, wurin nan fa an ba ni."

"Na ji, mushe," ya ce, don ya san malamin makaranta ne ni, kuma haka ake kiranmu a nan. "Gudron ma, hanyar kwaltar nan, an ce ta kan rijiyarmu za ta bi. In kana iya tuge gero, ga shi nan."

Da na iya, wallahi. Amma Inna 'yar manoman Dakusa ce, kuma labarin ya riga ni isa gida.

Ina shiga ta ce, "Ka tuge abincin mutane, ka ce in kwana a wurin? Bari su girbe, ɗan nan."

Na bari. Sai dai dattijon yakan haɗa da wake da dawa mai jinkirin nuna, kafin ya kwashe su tafkin kusa ya koma laka. Wanda ya san ranin Damagaram kuwa ya san ruwan sha ma sai an bi layi, balle na buga bulo. In akwai ruwa, amfani na tsaye. In fili ya buɗe, babu ruwa. Masu hali suka zo da tankar ruwa da katafila, ba su nemi shawarar uwar kowa ba, gidajensu suka tashi suka kewaye mu. Ni ina nan ina jiran wani girbin, ina jin haushinsa, ina jin haushinta.

A ƙarshen wata damina Inna ta rasu, a ɗakin nan, kwanon yoyo na gefen gadonta.

Ranar sadaka sai ga dattijon da jaki, ya sauke damin gero a ƙofar gida.

"Na ji ita ta hana," ya ce. "A yi mata sadaka da shi."

Na so in ce ya kwashe kayansa, sai dai na ɗauki damin na kai ciki. Mata suka daka, aka raba gumba, kowa ya ci yana yi mata addu'a. Ni na kasa kai ta baki.

Bana ma an ce ya yi shuka, tsakanin katangun mutane. Ban je ba. Ba ni da wadda zan gina wa.