Tsamiyar da Ke Kan Kabarin Kakarmu

Har yau in na ji warin tabarmar da ta jiƙe ta kwana ba ta bushe ba, sai in tuna gidanmu na Zongon Kwatano. Kowace damina ruwa yakan shigo mana har cikin ɗaki. Iyayenmu mata su ɗora tukwane a kan gado, mu yara a ɗora mu bisa buhunan masara, kwaɗi na ta kuka a tsakar gida. Bayan ruwan sai sauro. A irin wannan damina ce zazzaɓi ya ɗauke ƙanwata, ko yaye ta ba a yi ba.

Lokacin mulkin juyin juya hali ne, kowa ana ce masa kamarad, wato abokin gwagwarmaya, rediyo kullum cikin alkawari. Babanmu direban babbar mota ne. Aka ɗauke shi ya riƙa kai ma'auna ƙasa can sama a bakin kogin Weme, inda aka ce za a gina madatsar ruwa, su suna ce mata baraj. Wai za ta riƙe ambaliya, da rani kuma a saki ruwan a noma shinkafa. Tun rasuwar ƙanwata ban ga Baba ya yi fara'a ba sai da ya samu aikin nan. Ya riƙa zana mana kogin da tsinke a ƙasa, yana nuna inda tafkin zai kwanta.

Kakanmu, mahaifinsa, tsohon falken shanu ne daga arewa. Yana alwala yana kallon zanen, sai ya aje butar.

"Kwarin da ke da tsamiya fa, inda muke yada zango da shanu?"

Baba ya sunkuyar da kai. "Yana ciki, Baba. Ku yi haƙuri."

Ran nan na fara sanin inda kakarmu take. A hanyar zuwansu Kwatano ta rasu wajen haihuwa, Kaka ya binne ta a gindin tsamiyar nan, ya kawo jaririn a kafaɗa. Jaririn shi ne Baba. Duk shekara in Kaka ya biyo garke sai ya tsaya ya yi mata addu'a.

Aka daɗe Baba da Kaka ba sa haɗa kwano. Kaka ya koma cin abinci shi kaɗai a zaure, mu ma muka daina hayaniya kusa da shi. Sai wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ya fito ya tarar da mahaifiyata tana kwasar ruwa daga ɗakin da ɗiyarta ta mutu a ciki, ƙafafunta duk sun yi fari sun tsage. Sannan ya kira Baba.

"Ku yi aikinku. Mahaifiyarka ta riga ta huta, waɗannan ne ba su huta ba. Amma ka kai ni in yi mata sallama."

Da suka isa, ma'auna sun riga sun sa an share kwarin. An sare itatuwa, an ƙone kututture, sai turaku masu jan fenti a jere. Baba ya ce tsohon ya yini yana zagayawa da sandarsa, ya tsaya nan, ya ce a'a, ya matsa can. Bai gane wurin ba. Daga ƙarshe ya ɗaga hannu ya yi addu'a ga kwarin gaba ɗaya. Bai ƙara bin hanyar ba har ya rasu.

Madatsar kuwa ba a gina ta ba. Ma'aunan suka daina zuwa, Baba ya koma dakon siminti, kuma ban sake jin ya ambaci kogin ba.

Yanzu Zongo ya cika da benaye da ƙarar zemijan, wato baburan acaɓa, shanu a mota ake kawo su, ba mai yada zango a hanya. Bara na je kwarin da ɗana. Rogo ne aka shuka iya ganinka, ƙasar a bushe. Ya tambaye ni ta ina za mu fuskanta mu yi addu'a. Na ce masa ban sani ba.