Baban da Ya Saki Labule Kafin Lokaci

Shekara talatin da ɗaya ke nan Baba Mai Labule ne ke fara isa gidan wasan kwaikwayo. Ya share dandamali, ya duba igiyar labule, ya jera kayan wasa, sannan ya koma lungunsa inda 'yan kallo ba sa ganinsa. Makon nan zai ajiye aiki, gwiwa ta ƙi. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma ba zan bari ya tafi shiru ba.

Babban ɗana ɗan wasa ne a wurin. Wasan nasu na zamani ne, ba kai ba gindi. Mutum ya yi shara, ya watsar, ya sake sharewa. Ya tambayi bango, "Don me aka haife ni?" Bango ya yi shiru. A ƙarshe ya sha guba a kofi, ya faɗi, ya tashi ya sake ɗaukar tsintsiya. Ɗana ne ke fitowa a matsayin mutumin. Na ce masa, "A'uzubillahi, wannan kuma wasa ne?" Ya ce, "Umma, haka rayuwar take." Na ɗauka surutun 'yan boko ne. Ban lura ya daina cin abinci ba.

Baba ya lura. Yakan tsokane shi, "Kai sarkin shara, ka share cikinka ma ke nan?"

Gubar wasan ruwa ce, kuma Baba ne ke zubawa da hannunsa daga gorarsa, ba ya bar wa kowa. Ranar nan bayan la'asar, hayaniyar shiri ta ɗauke masa hankali. Wasa ya yi nisa, ya waiga ya ga gorarsa cike, bai taɓa ta ba. Ya leƙa dandamali, ga kofi cike.

Dokar mai gidan wasan ita ce ba a sakin labule sai an sha kofin. Baba bai tsaya neman izini ba. Ya saki igiya, ya ja ƙafa ya doke kofin daga hannun ɗana. Warin maganin ƙwari ya tashi.

"Tsoho, ka kashe min wasa!" in ji mai gidan.

"Wasa dai, ranka ya daɗe. Gobe ma a yi wani."

A waje kuwa 'yan kallo tafi suke ta yi, sun ɗauka cikin shirin ne.

Baba, kai ne ka riƙe ɗana yana kuka. Kai ne ka kawo min shi gida, ba ka tona masa asiri a titi ba. Har yau bai warke sarai ba, yana ganin likita, wata rana ya yi magana, wata rana a'a. Amma jiya ya ce, "Umma, akwai sauran abinci?"

Allah Ya saka maka da Aljanna, mai ido a lungu. Ku kuma iyaye da abokan aiki, idan naku ya fara cewa rayuwa ba ta da amfani, kada ku yi masa tafi. Ku tashi ku duba kofinsa.