Wane Mai Aka Hana?

An raina mana hankali, kuma ba zan saka wa abin wani suna ba. Wani Alhaji da ke zuwa ƙauyenmu sarin gyaɗa, can gefen Farin Dutse, ya tsaya a ƙofar gidan da muke haɗuwa suyar gyaɗa da matsar mai, ya ce wai gwamnati ta kafa doka, an hana sayar da mai a jarka da galan. Duk wadda aka kama, a ƙwace kayanta, a wuce da ita gaba. Ya ce ba daga bakinsa ba ne, a rediyo aka faɗa, kuma mazan garin da suka ji sanarwar suka gyaɗa kai. Sai ya sassauta murya, irin tausayin da kura ke yi wa akuya: tun da yanzu gyaɗar ba ta da amfani a wurinku, ranar kasuwa zan zo da mota in rage muku nauyi.

Mata suka kashe wuta. Aka kife kasko, turmi ya yi shiru. Wanda bai san sana'armu ba zai ce ai sayarwa sayarwa ce. To gyaɗa in ta tafi ɗanya, ta tafi da manta, ta tafi da ƙuliƙulinta, ta tafi da aikin da yake riƙe mace daga kaka har faɗuwar ruwa.

Ni kuwa ban zauna a ajin yaƙi da jahilci da furfura a kaina don a riƙa karanta mini doka da baki ba. Malamarmu ta taɓa gaya mana cewa akwai shafi a intanet inda aka tara dokokin gwamnati, kowa na iya shiga ya duba. Na gwada da wayata. Sabis a garinmu sai ka hau tudun bayan masallaci ka ɗaga hannu kamar mai roƙon ruwa, kuma ko a can shafin juyawa kawai yake yi. Na ce wa matan kowa ta riƙe gyaɗarta sai na dawo. Ɗaya ta ce, "Yaya, ki rufa mana asiri, kada ki jawo mana hukuma." Na ce, "Ai hukumar zan je nema."

Mun tashi da asuba, ni da maƙwabciyata. Ba ta iya karatu ba, amma ba a taɓa cin ta a ciniki ba, kuma na so a samu shaida don kada a ce ni na ƙirƙiro. Babur ɗaya muka hau. Hanyar tamu yashi ce da kwazazzabo, mai babur ɗin yana kaucewa rami yana faɗawa wani, ita kuma ta damƙe mini kafaɗa tana ta salati. Gonaki duk an yi girbi. Dammunan gero a jere, riɗi an yanke an jingina shi a tsaye yana shan rana, shanun makiyaya sun fara shiga inda aka kwashe amfani. A bakin rafi muka sauka muka taka, mai babur ya turo abinsa yana mita wai mun fi buhun gero nauyi. Maƙwabciyata ta ce masa buhun gero ba ya biyan kuɗin hanya da hannunsa.

Mun isa Gwaram rana ta ɗan ɗaga. Muka karya da koko da ƙosai a tasha, sannan muka nemi shagon da ake buga takardu da kwamfuta. Mun tarar da mai shagon a waje kan benci, yana fifita da kwali.

"Hajiya, yau sai haƙuri," in ji shi. "Ba wuta, janareta kuma ba mai. Tun da aka hana sayarwa a jarka, sai na ɗauki janaretan a ka na kai shi gidan mai."

Maƙwabciyata ta zungure ni. "Kin ji ko? Har nan dokar ta iso."

Ni ma na ji, amma wani abu daban na ji, ya tsaya mini a rai kamar ƙaya a tafin ƙafa. Sai dai zato ne kawai. Zato ba ya tayar da wuta a murhu, kuma da na koma gida da zato, Alhaji zai ce dokar duk mai ta haɗa. Mai shagon ya ce mu ƙarasa Birnin Kudu, can akwai masu wutar sola.

Motar da muka samu irin wadda ake cusa mutum kamar ana ɗura hatsi a buhu ce. Kuɗin mota ya ƙaru a kan yadda na san shi, da muka yi magana direba ya ce mai ne. A ƙasar nan ko gishiri ya tashi, mai ne. Titin kwalta ne, sai dai akwai wuraren da kwaltar ta yi ƙaura ta bar suna. Manyan motoci suna wuce mu, iskarsu tana girgiza tamu. A bayana wata Bafulatana ta rungume ƙwaryar nono a cinya, duk ramin da muka faɗa ko ɗigo bai zuba ba, na ce wannan ita ya kamata a ba tuƙin. Da muka kusa gari sai ga duwatsun nan na Birnin Kudu, manya a kan ƙanana, kamar wani ne ya ɗora su da hannu ya tafi zai dawo.

Abin da ya fara tarar mu a bakin kasuwa shi ne man gyaɗa. Ga shi nan a kwalabe da galan, an jera a rana yana ƙyalli, ba mai ɓoyewa. Maƙwabciyata ta ce, "To ga amsa, mu juya." Na ce a'a. Ganin mutane suna yin abu ba ya nufin an halatta, Alhaji zai ce ba a zo kansu ba ne tukuna.

Shagon da aka nuna mana na wata mata ce, za ta yi sa'ar ƙanwata, da tabarau a hanci.

"Sannu da zuwa, Inna. Me za a buga miki?"

"Ba bugu na zo ba. Kujera za ki ba ni, da kaina zan duba."

Ta kalle ni ta saman tabarau, ta yi dariya, ta ja mini kujera. Ita ta buɗo shafin, ta nuna mini wani dogon akwati fari a sama, ta ce nan ake rubuta abin da ake nema. Ta ɗora hannuna a kan ɗan abin nan da ake turawa a tebur kibiya ta motsa. Da fari kibiyar guduwa take yi mini kamar ɗan tsako, in nufi gabas ta yi yamma. Na ce wa kaina, hannun da ya iya juya tunkuza mai zafi a turmi ba wannan ne zai gagare shi ba.

Na rubuta man gyaɗa, da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi. Shafin ya ce bai samu komai ba. Maƙwabciyata har ta fara gyara mayafi, wai tun da babu, ai babu doka. Mai shagon ta ce ba haka ba ne, shafin ne ba ya jin Hausa. Wannan ya ba ni haushi, kuma har yanzu yana ba ni. Dokar da za ta hau kan Bahaushiya a ƙauye, a ce ba ta jin yarenta.

Na tattaro ɗan Turancin da na samo a aji, na rubuta oil. Kai, sai ga dokoki sun zubo kamar an kwance bakin buhu, shafi bayan shafi, ba iyaka. Nan ne matar nan ta koya mini abin da ya fi komai amfani a tafiyar. A gefen hagu akwai wurin tacewa, kamar rariya. Kana iya zaɓar fannin da dokar ta shafa, kana iya zaɓar shekara, kuma a jikin kowace akwai alamar da ke nuna tana aiki ko an soke ta. Ta ce mutane da yawa suna ɗaukar dokar da aka daɗe da binnewa su yi ta tsorata kansu da ita. Ta faɗa mini yadda ake rubuta jarka da Turanci, na ƙara a akwatin. Tulin nan ya ragu ya koma 'yan kaɗan.

Na buɗe ta sama, na sa yatsa a gilashin ina bi. Kalmar farko doguwa ce, na gutsuttsura ta yadda Malama ta koya mana. Pe. Tro. Ban kai ƙarshenta ba na gane ta, don a jikin kowane gidan mai tana nan.

"Fetur ne," na ce.

Na ci gaba da bi har ƙasa, inda na cije mai shagon ta kama mini. Fetur, kananzir, man manyan motoci. Babu gyaɗa ko ƙwaya ɗaya. Sai maganar mai janareta ta dawo mini. Bature yana da sunan wanda ake zuba wa mota daban, wanda ake zuba wa tukunya daban. Mu kuwa duk mai ne. Mai sanarwa a rediyo ya ce mai, bai yi ƙarya ba. Kalmar ta biyo hanya har ta iso ƙofar gidanmu, ta tarar da mai son gyaɗa. Ko Alhaji ya sani ko bai sani ba, Allah ne masani, amma mutumin da yake da mota ya san man da ake zuba mata.

Maƙwabciyata ta rangaɗa guɗa a cikin shagon mutane, har masu jiran hoto suka leƙo.

Ban tashi ba. Wanda ya zo rijiya ba ya komawa da rabin tulu. Na koma wurin tacewa na zaɓi fannin abinci, kuma lallai akwai doka a kan man da ake ci, alamarta ta nuna tana aiki. Turancinta ya fi ƙarfina, muka bi ta tare a hankali. Abin da muka fahimta shi ne ana son tsabta, ba a son gauraye, ba a son a zuba mai a mazubin da ya taɓa ɗaukar abu mai cutarwa, kuma masu liƙe baki su kai manyan kantuna akwai rajistar da ake nema a wurinsu. Mai shagon ta ce ita ba lauya ba ce, in tambayi duba-gari a Gwaram inda ya shafe mu. Na ce ni ma ba lauya ba ce, kuma zan tambaya.

Kafin in tashi na ce ta rufe komai. Ta rufe. Na sake buɗewa daga farko ni kaɗai, akwati, kalma, rariya, har na iso kan dokokin biyu ba wanda ya taɓa mini hannu. Na ɗauke su hoto a wayata. Ranar da na fara rubuta sunana ne kawai na taɓa jin irin abin da na ji a kujerar nan.

Mun ci garau-garau a wata rumfa kusa da tasha. Shinkafar da waken ba laifi, yajin ma ya yi, amma man ba shi da ƙamshi ko kaɗan, da a garinmu ne mai shi ba za ta iya haɗa ido da mutane ba. Muka kamo hanya, muka isa gida kafin magariba, ƙafafu duk sun kumbura.

Matan suna jira a tsakar gida. Na faɗa musu komai, na zagaya da wayar kowa ta ga hoton, har waɗanda ba su san bihim ba. Wata tsohuwa a cikinmu ta tafa hannu ta ce, "Ashe man mota ne ya kashe mana wuta!" Na kuma faɗa musu ɗaya rabin, wanda ba kowa ya so ji ba: jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ko fetur, ko an wanke ta da ruwan kogi kaf, ba za ta ƙara ganin manmu ba.

Abin da tafiyar ta koya mini, ku da kuke bibiyata, shi ne in an ce muku an hana, ku tambaya wa ya hana, me aka hana, kuma a ina aka rubuta. Doka ba aljani ba ce, tana da gida, gidan kuma yana da ƙofa, ko da mai gadin ba ya jin Hausa.

Washegari da safe na fito da kaskona ƙofar gida, inda duk mai wucewa zai gani, na hura wuta, na zuba gyaɗa. Da ƙamshin ya fara zagaya unguwa, sai na hau tudun bayan masallaci na kira Alhaji. Na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi iyali. Na ce ranar kasuwa ya zo da motarsa kamar yadda ya yi alkawari, amma gyaɗa ta ƙare, mai ne za mu sayar masa. A jarka.