Ruwan da Nake Tarbar Baƙi da Shi

Ni da kuke gani, da baro na fara a Kasuwar Relief ta Anacha, ina dakon albasa. Ranar da na sauko daga tirela ban san kowa ba. Wani dattijo mai sayar da wake, Baba Sule, ya miƙo mini ruwa da tabarma tun bai tambayi sunana ba. Ya ce haka kakanninmu fatake suka yi daga Gwanja har Sudan. Duk inda suka kafa zango, baƙo sai ya sha ruwa kafin a ji abin da ke tafe da shi.

Wannan al'adar ce na mayar tarko, Allah ya yafe mini.

Da na koma Diyobu a Fatakwal, sai na haɗu da wasu masu cewa suna tsallakar da mutane Gabon ta ruwa. Da farko nuna musu baƙo kawai nake yi, a ba ni na goro. Kan ka ce me, ni ke tarba a tasha. In na hango mai ƙullin kaya yana zare ido, sai in miƙa masa ruwan leda in ce, "Sannu da hanya, ɗan'uwa. Daga ina?" Wallahi da ya sha ya zama nawa. Alhali babu wani Gabon! Zagayawa ake yi da su a kwalekwale, a zube su a wani tsibiri mai taɓo, a ce ga gari can gaba.

Haka na tarbi Haruna da ƙanensa Idi, waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonarsu. Da za su tafi Haruna ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya, ba don kai ba da mun lalace." Har murmushi na yi masa.

Haruna kaɗai ya dawo. Ruwa ya ci Idi suna neman fita. Haruna ya zo da 'yan sanda, ya nuna ni, ya ce, "Ga wanda ya ba mu ruwa."

Na yi shekaru a kurkuku, kuma hakkin Idi bai taɓa barina na yi barci mai daɗi ba. Da aka sake ni na tuba, na koma dako a Kasuwar Ogbete ta Inugu. Rannan wani saurayi ya sauko daga mota leɓensa a bushe. Na miƙa masa ruwa tsakani da Allah. Ya ja da baya ya rungume jakarsa.

"A'a, Baba. Tun daga gida aka ce in kiyayi masu ba da ruwa."

Na zauna a kan baro na yi kuka.

Samari, mutane ba za su daina barin gida ba, ku ma baƙi ne a nan. Kada ku ci amanar wanda ya yarda da ku don ya ji harshensa a bakinku. Ni na ci, ga shi yaron nan ya wuce da ƙishinsa.