Ma'aunin da Kawu Ya Sauya wa Wuri

Karatun shari'a ne ya kawo ni Alƙahira, amma hannuna bai manta da aikin wayar lantarkin mota da na koya a Kano ba. Duk Juma'a sai in bar unguwarmu Darrasa in tafi unguwar Ard al-Liwa, garejin wani dattijo Bahaushen Sudan. Kawu nake ce masa, har zuciyata. Shi ya fara ba ni tuwo a ƙasar nan.

Wani tsohon injiniya Bamisire ya kawo masa ƙaramin jirgin sama da ya haɗa da hannunsa, a ɗora masa inji. Injin na mota ne, irin wanda ba shi da fistan, wani ƙarfe mai kusurwa uku ke juyawa a cikinsa. Ga ƙarfi, ga zafin tsiya. Da an tayar da shi, lambar zafin ruwa a allon na'ura sai ta yi ta hawa har ta koma ja.

Kawu ya ce na'urar ce ke ƙarya. Juma'a uku ina bin waya. A ƙarshe na kwance ɗan ma'aunin da ke jin zafin, na tsoma shi a butar shayinmu tana tafasa. Allo ya nuna ɗari cif. Na ce, "Kawu, na'ura lafiyarta ƙalau. Lagireton ne ya yi ƙanƙanta."

"Khalas, ɗana, bar ni da shi."

Juma'ar da ta biyo baya lambar ta zauna a kore. Injiniya ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce jibi zai tashi da jirgin. "Kawunka ya ce kai ka duba, kuma ɗalibin shari'a ba ya ƙarya."

Raina bai kwanta ba, domin lagireton nan dai shi ne. Na bi wayar da yatsa. Ashe Kawu ya cire ma'aunin daga inda ruwa ke fitowa daga inji da zafinsa, ya mayar da shi kan tiyon da ke dawo da ruwan bayan ya huce. Injin na ci da wuta, allo na cewa tamam. Ni kuma an yi hatimi da gemuna, an mai da ni shaidar ƙarya.

Na ja Kawu gefe. Ya ce, "Ma'alish, ba komai, sama akwai iska, zai huce." Ko kunyar idona bai ji ba. Wallahi ban taɓa jin ɗacin mutum kamar na ranar ba.

Na mayar da ma'aunin wurinsa a gaban injiniya, na ce a tayar. Muna tsaye mu uku lambar ta hau, ta hau, ta koma ja. Injiniya ya kashe injin da kansa.

Bayan wata biyu na haɗu da Kawu a Wustul Balad, tsakiyar birnin. Na ce, "Kawu, ina wuni?" Ya dube ni, ya amsa da Larabci, ya kira ni ustaz kamar yadda ake kiran baƙo, ya wuce.