Ranar da Najaha Ta Saki Birki

A unguwarsu a Matameye, in ka ji an ce "matar mai gyara", to Najaha ake nufi, ko da yake mijinta Lawali ba bakanike ba ne. Manomi ne, yana da fadamar rake, da rani kuma yana ɗaukar mutane da kaya a babur. Sai dai Allah ya yi shi da taurin kai. Shi kam da ya kai babur ɗinsa gareji wani ya taɓa masa, gara a tsone masa ido. A tsakar gida yake gyaransa, kuma tun da hannu biyu kaɗai gare shi, na uku da na huɗu Najaha ce.

Ita da aka kawo ta gidan, ƙuli-ƙuli ta iya da kitso. Yanzu kuwa tana wanke buji, wato fulogi, da esansi, wato fetur, tana dulmuya robar taya a kwanon ruwa ta gano inda ta huje, kuma da kunne kawai tana gane sarƙa ta saki. Mata na tsokanarta wai lallenta baƙin mai ne. Ba ta damu ba, takan ce abin da ke kawo cefane ai ba ƙazanta ba ne.

Aiki ɗaya ne ba ta so, fitar da iska daga birkin gaba. Birkin mai ne, in iska ta shiga cikin man sai hannun birkin ya yi laushi, ka matsa ka ji wayam. Gyaransa sai mutum biyu. Ita za ta matsa hannun ta riƙe gam, shi kuma ya tsuguna a gindin taya ya buɗe ɗan noti, mai da kumfa su bi tiyo su zuba a kwalba, ya ɗaure, sannan ta saki.

"Kar ki saki sai na ce," haka yake faɗa mata kullum. "In kika saki alhali nan a buɗe yake, iska ce za ta koma ciki. Ranar da ake neman birki a rasa."

Wata safiya suna cikin wannan aiki da sauri, don zai kai mahaifiyarsa, Inna Shekara, gidan suna a Dawce. Sun zo zubi na ƙarshe, ya buɗe notin ke nan, sai ga sallamar Inna. Ta shigo da kwano a hannu, ta nufo Najaha kai tsaye.

"Ungo 'yar nan, daddawa ce na kawo miki."

To, jama'a, wace 'yar mutunci ce surukarta za ta miƙo mata abu ta karɓa da hagu? Kuma birkin a dama yake! Kafin ma tunani ya zo, jiki ya riga ya yi abin da ya saba. Ta saki, ta durƙusa, ta karɓa da hannu biyu, ta gaishe ta. Sai da ta miƙe ta tuna, ta yi wuf ta sake damƙe birkin.

Lawali bai gani ba. Kansa na ƙasa yana gaida uwarsa, ya ɗaure notin ya ce, "Saki." Ya ɗan taɓa birkin sama-sama, ya ce ya yi, don Inna ta fara cewa rana na yi. Ya tura babur waje, Inna ta hau baya, suka tafi.

Najaha ta tsaya da kwano a hannu. Ta yaya za ta buɗe baki gaban suruka ta ce kyautarki ce ta ɓata aiki? Ta ce wa kanta wataƙila iskar ba ta shiga ba. Amma ta san hanyar Dawce, ta san yadda amalanke da shanu ke faɗowa hanya ba sallama, ga tsohuwa a baya. Tsoro ya kama ta sosai. Ta dire kwanon, ta ja gefen zane ta rufe kai, ta fita a guje ba takalmi.

Sun kusa ƙarshen lungu, dab da hawa kwalta. Ta ɗaga murya, "Malam!" Ina! Lungun nan kowa malam ne, masu zaman dakali duk suka waiwayo, ban da shi. Ta kira shi da sunan 'yarsu, "Baban Najma!" Ƙarar inji ta cinye. Sai ta rufe ido ta saki sunan da ba ta taɓa furtawa ba tun da aka ɗaura musu aure.

"Lawali! Lawali, tsaya!"

Ai kuwa ya ji. Ya taka birkin baya, ya ja ƙafa a ƙasa, ya juyo yana kallonta baki buɗe. Lungu ya yi tsit, har mai shayi ya tsaya da kofi a sama. Ta iso tana haki, kanta a ƙasa, ta ce, "Na saki. Lokacin da na karɓi saƙon Inna, na saki."

Ya matsa birkin gaban da ƙarfi, sai ga hannun ya tafi luuu har ya taɓa maƙura. Ya sake matsawa, haka. Ya dubi kwalta inda wata babbar mota ke wucewa, ya sauke numfashi ya ce, "Alhamdu lillahi. Inna, sauka, mu koma."

Suka koma tsakar gida aka sake ɗaura tiyo. Inna ta zauna kan turmi tana kallo. Najaha ta matsa ta riƙe, ya buɗe, sai ga kumfa na bin tiyo ɓul-ɓul, manya-manya. Suka yi ta yi har mai ya fito garau, birkin ya yi tauri ya tsaya cak a rabin hanya. Nan ne Najaha ta zauna a ƙasa tana dariya hawaye na zuba, wani sanyi ya ratsa ta har ƙashi. Lawali na goge hannu yana murmushi, wai ashe muryarta ta fi ham ɗin babur.

Ta matsa kusa da Inna ta durƙusa. "Inna, ki yi haƙuri. Na yi rashin kunya a bainar jama'a."

Tsohuwar ta dube ta. Lawali ne ɗanta na fari, kuma kamar kowace uwa ta kirki, bakinta bai taɓa kama sunansa ba.

"Tashi, 'yar nan," in ji ta. "Ni da na haife shi, da ni ce a tsaye a lungun nan, wallahi ban san ko bakina zai buɗe ba. Ke naki ya buɗe. Allah ya yi miki albarka."

Ta miƙe ta gyara mayafi, ta ce wa ɗanta ya tashi su tafi kafin a cinye naman suna.