Ranar da Hajiya ta Saci Kifi

Ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta da wata Laraba a shekarar farko ta aurena, ranar da mage ta kusa raba ni da uwar mijina.

Lokacin muna zaune a wani ɗan gida a Unguwar Sarki cikin Kaduna, ni da maigidana da dabbobinmu biyu. Akwai karen gadi mai suna Kofur, wanda ke zaune a bayan gida. Sunan gadi kawai yake da shi, don ko baƙuwar akuya ta leƙo ƙofa, kaɗa mata wutsiya yake yi. Sai kuma magen da yayata ta ba ni tun tana 'yar mitsitsiya. Ta girma ta yi ƙiba, fara sol, mai tafiyar ƙasaita. Ba ta cin tuwon da ya kwana, ba ta kwanciya a ƙasa, kuma kujerar da ta fi kowace laushi a falo ita ce tata. Wata rana maigidan ya dube ta ta miƙe a kai, ya ce, "Wannan ai Hajiya ce." Shi ke nan suna ya bi ta. Har maigadinmu, wani dattijo mai yawan ladabi, da haka yake kiranta, kuma iyakar gaskiyarsa yake yi.

Abin da ba mu tsaya mun yi tunani ba shi ne, a dangin mijina kaf, idan aka ce Hajiya to mahaifiyarsa ake nufi. Sai da ta aiko cewa za ta zo daga Zariya ta yi mako guda don ganin likitan ido, sannan hankalinmu ya tashi. Muka zauna muka yanke shawara: muddin tana gidan, mage sunanta mage. Har gwaji muka riƙa yi muna dariya.

Surukata mace ce mai kawaici, ba ta da yawan magana. Ni kuma amarya, kullum ina ɗari-ɗari kada in yi abin da za ta ce ɗanta bai yi dace ba. Kwana uku komai lafiya. Rigimar da aka yi kawai ta kujera ce. Idan ta ci abinci takan zauna a kujerar nan mai laushi ta ɗan gyangyaɗa, magen kuma ta tsaya a gabanta tana kallonta kamar mai jiran a ba ta haƙƙinta.

A rana ta huɗu na soya kifi yanka shida, na rufe shi a kwano a kicin don in yi miyar rana, na fita baya shanya. Da na dawo na tarar da murfi a ƙasa, yanka biyu kacal suka rage. Raina ya ɓaci sosai. Ina tsaye a wurin sai ga wayar yayata, kuma a cikin fushi na manta da duk wata shawara da aka yanke.

"Yaya, wallahi na gaji da Hajiya," na ce. "Daga ci sai barci, ta mamaye kujerar falo kamar ita ta saya. Yau kuma ta lallaɓa kicin ta sace min kifi. Maigidan ne ya ɗaure mata gindi, ba ya son a taɓa ta. Amma idan ta sake, a sito zan kulle ta ta wuni."

Yayata tana ta dariya, ni ma har na huce. Ban san tagar kicin a buɗe take ba, kuma ɗakin baƙi yana manne da ita.

Ina cikin yanka albasa sai na ji motsi a falo. Na leƙo, na ga surukata tsaye da mayafinta, jakarta a hannu. Fuskarta ba fushi, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

"'Yata, sa a nemo min mai adaidaita ya kai ni tashar Kawo."

Na durƙusa. "Hajiya, lafiya? Ai sai jibi za ki koma wurin likita."

"Lafiya lau. Ba sai an kai ga sito ba." Ta gyara mayafinta. "Yanka ɗaya na ɗauka. Na zo shan ruwa ne ƙamshi ya ja ni. Ban san a gidan ɗana sata ake kiran wannan ba."

Maganganuna suka riƙa dawo min ɗaya bayan ɗaya, kowace ta zauna mata daidai kamar an auna: cin, barcin, kujerar, har da ɗan da ya ɗaure gindi.

"Hajiya, don Allah ki saurare ni. Ba da ke nake ba. Da mage nake. Sunanta ke nan."

Ta dube ni ta saman tabaraunta. "Magen ce Hajiya?"

"Ita ce."

"Kwanana huɗu a gidan nan, ban taɓa jin an kira ta da haka ba. Mage kuke ce mata, ke da mijinki."

Dabararmu ta juyo kaina. Na kira maigidan a waya, yana cikin taro a ofis, wayar a kashe. Sai na ce bari in kawo shaida. Na juya wajen ƙofa na ce, "Hajiya, zo nan. Hajiya, mis-mis." Wanda ya taɓa kiwon mage ya san ba ta zuwa sai ta ga dama. Ko ƙyallinta ban gani ba. Na sake kira. Surukata ta ce a hankali, "Ina jin ki, ai ban tafi ba tukuna."

Hawaye suka zubo min. Na riga na hango labarin ya isa Zariya, an tara dangi, ana cewa amaryar Kaduna ta ce za ta kulle uwar miji a sito. Wa zai yarda da zancen mage?

Tana ɗaga ƙafa za ta fita sai maigadi ya yi sallama daga bakin ƙofa. Shi kaɗai muka manta ba mu gargaɗa ba. Ya rusuna ya gaishe ta, sannan ya dube ni cikin damuwa.

"Uwar ɗaki, ki zo ki ga Hajiya. Ta hau katanga da kifi a baki, tana ci tana jefo wa Kofur saura. Na yi na yi ta sauko, harara ta kawai take yi."

Surukata ta ajiye jakar. "Malam, wa ka ce ta hau katanga?"

"Hajiya, ranki ya daɗe. Ai ta saba. Rannan ma a kan rufin mota ta kwana."

Surukata ta wuce gaba muka bi ta zuwa bayan gida. Ga magen can bisa katanga tana lasar hannu, ga Kofur a ƙasa ya ɗaga kai yana jiran rabonsa, bakinsa duk mai. Magen ta dube mu sau ɗaya, ta ci gaba da abin da take yi.

Surukata ta tsaya tana kallonsu. Sai na ga kafaɗunta suna rawa. Dariya ce ta ƙwace mata, irin wadda ban taɓa zaton tana da ita ba, har sai da ta dafa bango ta cire tabarau tana share ido. "To," ta ce, "ashe mu biyu ne ɓarayin. Ni ɗaya, takwarata uku."

Da yamma maigidan ya sha faɗa, shi da ya raɗa sunan, yana durƙushe yana sosa ƙeya. A take surukata ta canza wa magen suna zuwa Gimbiya, wanda shi ma magen ba ta taɓa amsawa ba. Ni kuwa ta kira ni ɗaki ta ce in yafe mata saurin ɗaukar jaka. Daga ranar ɗari-ɗarin da ke tsakaninmu ya ƙare. Mako guda ta zo yi, sai da ta yi uku, kuma kujerar nan tare suka riƙa zama, magen a cinyarta.

Da tun ranar da ta iso na faɗa mata sunan magen, da ta yi mana ɗan faɗa an wuce wurin. Kunya ta sa na ɓoye ƙaramin abu, ɓoyewar kuma ta hana a yarda da ni lokacin da nake faɗin gaskiya. Tun daga nan, duk abin da nake jin nauyin faɗa wa na kusa da ni, shi nake fara faɗa.